Filin Tambaya da Amsa: Kwashe Tsofaffin Kaset-Kaset na Bidiyo Zuwa Kwamfuta

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk kan batu ɗaya suka zo, wato tsofaffin kaset-kaset na bidiyo da ke jibge a gidajenmu nan Saudiyya, na biki da na suna da na saukar Alƙur'ani, waɗanda masu su ke son mayarwa cikin kwamfuta. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni dattijuwa ce, haifaffiyar Kano, amma na fi shekara arba'in a Jidda. Lokacin da rusau ya iso unguwarmu ta Sabil muka tashi, wajen kwashe kaya na ci karo da kwali cike da kaset kusan talatin, har da na auren babbar 'yata da na zuwan mahaifiyata aikin Hajji, Allah Ya jiƙanta. Na'urar bidiyon gidan ta daɗe da lalacewa. Jikana yana da kwamfuta, ya ce zai iya aikin idan ya samu wanda zai nuna masa hanya. Daga ina za mu fara? *Daga wata Hajiya a Jidda.*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya kai haske kabarinta. Jikanki zai iya, kuma kwamfutarsa za ta wadatar ko da ta kwana biyu. Sai dai ina so ku fahimci tun farko cewa a cikin kayan aikin nan kwamfuta ce mafi ƙarancin muhimmanci. Hoton da ke cikin kaset ba ya fitowa sai an kunna shi a na'urar bidiyo, zaren ya goga jikin kan da ke karanta shi, kuma duk abin da na'urar ta fitar, mai kyau ko maras kyau, shi kwamfuta za ta kwafa ba ƙari. Saboda haka kuɗinku da wahalarku su tafi wajen neman na'urar bidiyo mai lafiya.

A nan wuyar take. Kamfanin JVC na ƙasar Japan ne ya fito da wannan kaset mai suna VHS a 1976, kuma kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urarsa, wato Funai, ya daina a 2016. Yau babu sabuwa a kanti, sai tsofaffin da suka rage a hannun mutane. A ganina ma na'urorin sun fi kaset ɗin saurin ƙarewa, domin kaset da ya samu ajiya mai kyau kan haura shekara talatin yana nuna hoto, amma robobin da ke cikin na'ura, irin su bel da 'yar tayar da ke matse zare, kan bushe ko su narke ko da ba a kunna ta ba, balle a zafin Jidda. Masu gyaranta kuma kullum raguwa suke yi. Wannan ne dalilin da ya sa ba na son jin an ce sai an samu sarari.

A fara cigiya cikin dangi da tsofaffin maƙwabta, domin na'urar da ta zauna a ɗakin kwana ta fi wadda ta sha rana a kasuwa. Idan ba a dace ba, jikanki ya leƙa kasuwar Haraj Sawarikh da ke kudancin Jidda, ko ya duba manhajar Haraj a wayarsa. Kada ya biya kuɗi sai ya gwada, kuma ya tafi da wani kaset da ba a damu da shi ba, ya ga na'urar ta ja shi, ta nuna hoto, ta mayar da shi baya, ta fito da shi ba tare da ta tauna zaren ba. Na National da Panasonic da JVC da Sony sun yi suna wajen ƙarko. Ya nemi wadda aka rubuta Multi System a gabanta, wato mai kunna kaset na tsarin talabijin na ƙasashe daban-daban, zan faɗi dalili a amsa ta gaba. In kuwa ya ci karo da mai tambarin S-VHS, ya ɗauka, domin su ne manyan aji, suna da mafitar hoto ta musamman, wasunsu ma suna da abin da ke daidaita layukan hoto ya hana shi rawa, wanda ake rubutawa TBC. Kafin ya jona ta ya karanta bayanta, saboda tsofaffin gidajen Jidda da Makka suna da wuta iri biyu, mai ƙarfin 127 da mai 220, kuma na'urar ƙaramar wuta da aka jona a babba nan take take ƙonewa.

Abu na biyu shi ne mahaɗi tsakanin na'urar da kwamfuta. Wata 'yar na'ura ce da ta ɗan fi filashi girma, gefe ɗaya tana shiga ramin USB, ɗaya gefen kuma tana da wayoyi, mai ruwan ɗorawa na hoto, ja da fari na sauti. A kwalinta akan rubuta USB Video Capture. Akwai masu araha ƙwarai da ba su da sunan kamfani, amma araha ba ta ado: yawancinsu kan tsallake hotuna, sai a ga bakin mutum ya motsa, magana kuma ta biyo baya da jinkiri, kuma ratar tana ƙaruwa yayin da kaset ke tafiya. Na Elgato da Hauppauge da I-O Data sun fi riƙe amana. Kaset ɗin da ba shi da na biyu a duniya bai cancanci a yi masa rowa a nan ba.

Kafin a saka kowane kaset naki, a duba bayansa inda ake liƙa takardar suna, za a ga ɗan harshen roba a gefe guda. A ɓalle shi. Da zarar an ɓalle, na'ura ba za ta iya ɗaukar wani abu a kan kaset ɗin ba ko da an danna maɓallin ɗauka bisa kuskure. A leƙa ta gilashin kaset a tabbata babu fari-fari a jikin zaren. Idan daga sito mai zafi aka ɗauko kwalin, a bar shi ya kwana a ɗakin da za a yi aikin, domin sauyin zafi da sanyi na haifar da raɓa, zare mai raɓa kuwa manne wa kan na'ura yake yi. Daga nan a tura kaset ɗin har ƙarshe, a dawo da shi farko, don zaren da ya daɗe a naɗe ya saki jiki.

A kwamfuta, manhajar OBS Studio kyauta ce kuma ta isa. Jikanki ya zaɓi mahaɗin a matsayin inda hoto da sauti ke shigowa, ya sa tsarin talabijin na PAL, wanda zan bayyana a gaba, girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. Kada ya ruɗu da manyan lambobin da ke jerin, domin kaset ba shi da abin da zai cika su, fayil ne kawai zai kumbura. Ya kuma bar hoton a siffar tsohon talabijin, faɗi 4 tsawo 3. Idan ya miƙe shi ya cika allon zamani, kowa a wajen bikin zai koma gajere mai ƙiba. Ya ɗauka a tsarin fayil na MKV, saboda in kwamfuta ta tsaya ana tsakiyar aiki abin da aka ɗauka ba ya salwanta, sannan manhajar da kanta tana iya juya shi zuwa MP4 cikin ɗan lokaci. Ya jona caji, ya hana kwamfutar yin barci, ya bar ta da wannan aikin kaɗai. Idan farin layi na yawo a hoton, akwai maɓallin Tracking a jikin na'ura ko a rimot, a danna sannu a hankali har ya ɓace.

Saura haƙuri, Hajiya. Babu hanyar gaggauta wannan aiki. Kaset mai rubutun E-180 awa uku ne, awa uku kuma zai ci, in ma an ɗauke shi a tsarin LP mai tsawaita lokaci to ninki biyu ne. Kaset talatin cikakku sun kai awa casa'in. Ya koyi hannu da kaset biyu ko uku marasa muhimmanci, da zarar hannunsa ya faɗa sai ya ɗauko na mahaifiyarki, kada ya bar shi ƙarshe, domin tsohuwar na'ura ba ta yin sallama kafin ta tsaya.

Tambaya: Malam, na ari na'ura na haɗa komai, amma wasu kaset ɗin suna fitowa da launi, wasu kuma fari da baƙi, musamman waɗanda mahaifinmu ya ɗauka daga talabijin, irin su sallar tarawihi ta Harami. Akwai kuma wanda yayana ya aiko daga Amurka, shi hoton birgima kawai yake yi. Launin ne ya goge saboda tsufa? *Daga wani malamin makaranta a Madina.*

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, da wuya a ce gogewa ce. Kafin zamanin dijital duniya ta rabu gida uku wajen tsarin talabijin mai launi. Nijeriya da Sudan da Ingila suna kan PAL. Amurka da Japan suna kan NTSC, mai hoto kusan 30 a daƙiƙa da layi 480. Faransa da Nijar suna kan SECAM, kuma gidan talabijin na Saudiyya ya daɗe yana watsa shirye-shiryensa a kan wannan tsari. Na'urorin da aka sayar a yankin nan suna naɗar SECAM a kan kaset ta wata hanya da ake kira MESECAM. Hasken hoton PAL da na SECAM iri ɗaya ne, a launi suka bambanta, shi ya sa na'urar da ba ta san MESECAM ba take nuna maka hoto tsaf amma babu launi. Kaset ɗin bikin da aka aiko daga Kano, ko wanda mai kyamara ya ɗauka a nan, galibi PAL ne, don haka ba su ba ka matsala ba.

Ka duba gaban na'urar da ka ara ko an jera sunayen tsare-tsaren nan. Idan akwai MESECAM, to matsalar ta koma wajen mahaɗi, domin abin da na'urar ke fitarwa daga irin wannan kaset SECAM ne, kai kuma ka bar manhajar a kan PAL. Ka shiga saitin mahaɗin ka sauya zuwa SECAM, sau da yawa launi kan dawo nan take. Hanyar gane inda laifin yake mai sauƙi ce: ka jona na'urar kai tsaye da talabijin, in launi ya fito a can to na'urar ba ta da laifi.

Na Amurka ya fi wuya. Na'urori da yawa na yankin nan suna kunna NTSC, amma abin da suke fitarwa gauraye ne, layukan Amurka da launi irin na PAL, wanda talabijin ke karɓa amma ba kowane mahaɗi ke gane shi ba. Ka nemi maɓalli ko saitin da aka rubuta NTSC 3.58, shi ne tsantsar tsarin, sannan ka mayar da manhajar kan NTSC da girman 720 da 480. In na'urar ba ta da shi, wannan kaset guda ka kai shi wurin masu sana'ar, ya fi ka sayi wata na'ura dominsa.

Tambaya: Malam, gidanmu na Ƙuwaiza ruwa ya shiga a ambaliyar 2009. Kaset ɗin ba su nitse ba, amma kabad ɗin ya jiƙe. Yanzu na ga fari-fari kamar gari a jikin zaren wasunsu. In goge in saka? *Daga wani magidanci a Jidda.*

Amsa: Kada ka saka, ɗan'uwa. Wannan funfuna ce, kuma ba sai an yi ambaliya take kama kaset ba, laimar Jidda kaɗai ta isa. Idan ka saka kaset mai funfuna, za ta toshe kan na'urar cikin ɗan lokaci, ta bazu a ciki, ta shafi kowane kaset mai lafiya da ka saka bayansa. Ban da haka tana manne zare da zare, sai na'ura ta ja ya yage. Ka ware masu ita yau ɗin nan, kowanne a ledarsa. Ka sa su a cikin mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, su yi makonni, har funfunar ta bushe ta koma gari. Kada ka shanya su a rana, kada kuma ka sa musu ruwa ko turare.

Gogewar kanta aiki ne na mai haƙuri: ana kwance kaset, a riƙa juya zaren sannu a hankali yana bin ƙyalle maras gashi da aka ɗan jiƙa da tsantsar sinadarin isopropyl da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki, a goge cikin ɓawon shi ma, a waje, da takunkumi a hanci, domin ƙurar funfuna na cutar da ƙirji. Zaren kaset mai awa uku ya haura mita 250, don haka ka san abin da ka ɗauko. Idan kaset ɗin mai daraja ne, ra'ayina ka ba wanda ya saba. Haka nan in ka ji kaset yana ƙara kamar kukan tsuntsu, ko hoto ya dusashe bayan 'yan daƙiƙu, ka tsayar nan take. Alama ce gam ɗin da ke riƙe garin maganaɗisu a jikin zaren ya sha laima ya fara saki, kuma kowane juyi yana kankare hoton ne. Zaren da ya tsinke kuwa ba a haɗa shi da salatif na gida, gam ɗinsa zai tsatso ya ɓata kan na'ura; akwai na musamman don wannan aiki.

Tambaya: Malam, namu ƙananan kaset ne na kyamarar hannu da Baba ya riƙa ɗaukar mu da ita muna yara. An ce akwai babban kaset da ake saka ƙarami a ciki. A ina zan samu? *Daga wata ɗaliba a Riyad.*

Amsa: 'Yata, sai kin fara karanta abin da aka rubuta a jikinsu, domin ƙananan kaset ba iri ɗaya ba ne. Idan VHS-C ne, to zarensa ɗaya da na babban kaset, kuma shi kaɗai ne ke da wannan gidan da aka gaya miki, wanda ake saka shi a ciki a tura a na'urar bidiyo ta gida. Idan kuwa kin ga Video8 ko Hi8 ko Digital8, waɗanda Sony ya fito da su a 1985 da 1989 da 1999, to babu irin wannan gida, ba a kuma taɓa ƙera shi ba, saboda faɗin zaren da yadda aka naɗi hoton duk daban ne. Wanda ya ce zai sayar miki da shi kuɗinki yake so. Waɗannan sai da kyamara irin tasu. Saboda haka ki tambayi Baba ko tasa tana nan. Ko batirinta ya mutu, in cajarta na nan za ta yi aiki a jone, sai a fitar da hoto ta wayoyinta zuwa mahaɗi kamar yadda na bayyana wa Hajiya a sama.

In MiniDV ne, wanda ya shigo a 1995, ko Digital8, kin yi sa'a ta wani ɓangaren, domin hotonsu tun asali na dijital ne, kuma ana iya kwafe shi yadda yake ba tare da ya ragu ba. Sharaɗin shi ne a bi ta kebul ɗin FireWire, wanda Sony ke kira i.LINK, kuma kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da raminsa. Kebul mai araha da ke da FireWire a kai ɗaya da USB a ɗaya ba ya aiki, kada ki saya. Mafita ita ce tsohuwar kwamfuta mai ramin, ko a sa wa kwamfutar tebur katinsa. Awa ɗaya tana cin gigabait 13. Da yawa daga kyamarorin Digital8 kuma suna kunna Video8 da Hi8 su fitar da su ta wannan kebul, abin da ya sa har yanzu ake nemansu. Yawancin ƙananan kaset ba a ɓalle musu harshe, akwai ɗan makulli da ake turawa gefe, ki tura shi kafin komai.

Tambaya: Malam, kaset ɗin aurena na ɓangaren mata ne, ka san yadda bikinmu yake a nan, mata kawai, babu mayafi. Da yawa daga waɗanda ke ciki yanzu iyayen gida ne, wasu sun rasu. Maigidana ya ce a kai sutudiyo, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Me ka gani? *Daga wata uwargida a Shara Mansur, Makka.*

Amsa: Hajiya, ina bayan zuciyarki a wannan. Yanayin aikin ne ya sa: dole kaset ya tafi daga farko har ƙarshe a kan allo, mai shago kuma yana leƙawa don ya ga ko hoton na tafiya daidai, sannan fayil ɗin yana sauka a kwamfutarsa kafin ya zuba miki a filashi. Ko mutumin kirki ne, kwafin na iya zama a can ya manta da shi, yaron shago ko mai gyaran kwamfuta ya gani. Matan da ke ciki kuwa sun cire mayafi ne bisa amanar cewa tsakaninku ne, kuma wannan amanar ba ta tsufa don kaset ya tsufa.

Mafi alheri a yi shi a gida, 'yarki ko ƙanwarki ta zauna a gaban kwamfutar. Na'ura guda da mahaɗi guda sun ishi dangi gaba ɗaya, a yi karo-karo a saya, su riƙa zagayawa gida-gida. Idan hakan bai yiwu ba, a nemi sutudiyon mata, daga cikin masu ɗaukar bukukuwa, a tambaya ko suna wannan aiki, ki je da kanki da filashinki, ki ga an goge kwafin a gabanki. Sauran kaset, na ɓangaren maza ko na tafiye-tafiye, maigida ya kai inda ya so, amma ya fara ba da guda ɗaya ya ga aikinsu, ya kuma ce fayil yake so, ba faifan DVD kaɗai ba. Hatsarin ma bai ƙare a shago ba. Da zarar bikin ya zama fayil, danna ɗaya ya isa ya kai shi zauren WhatsApp na dangi mai maza da mata, daga can kuma ba ya dawowa. Dokar Saudiyya ta laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 kan keta sirrin mutane da ɓata musu suna ta na'urorin zamani, kuma yana da kyau matasan gida su san haka.

Tambaya: Malam, ni ɗan Mai Wurno ne, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya kawo ni nan. Kaset biyu kawai na tsira da su, ba ni da kwamfuta. Maƙwabcina yana da bidiyo. In kunna a talabijin in ɗauka da waya, ya yi? *Daga wani matashi a Jidda.*

Amsa: Allah Ya kawo zaman lafiya a Sudan, ɗana. Ka yi, yau ma in da hali, da babu gara ba daɗi. Ka kashe fitilar ɗakin, ka kafa wayar a kwance a kan wani abu da ba ya motsi, daidai tsakiyar allon, ka kulle haskenta don kada ta riƙa sauya shi, a kuma yi shiru domin har tarin mutum za ta ɗauka. Talabijin na zamani ya fi tsohon mai ƙeya, wanda ke sa baƙin layi ya riƙa gangarowa. Amma ka ɗauki wannan a matsayin kwafin wucin gadi, ka riƙe kaset ɗinka har ka samu yin na sosai. Manhajojin waya masu cewa za su wanke tsohon hoto ya fito garau, ƙirƙirar abin da babu suke yi, har fuskar mutum kan sauya kama, don haka kada ka bari su taɓa kwafinka na asali.

Tambaya: Malam, alhamdu lillahi na gama kwashe nawa, suna cikin filashi. Ina so in tura wa dangi a Kano da Damagaram, in kuma zubar da kaset ɗin su bar cin wuri. Akwai matsala? *Daga wani Alhaji a Ɗa'if.*

Amsa: Barka da ƙoƙari, Alhaji, amma aikin da saura. Filashi abin ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba ma'ajiya ba. Yana ɓata, yana mutuwa ba gargaɗi, kuma in ya daɗe ba a jona shi ba abin da ke ciki na iya lalacewa. Faifan DVD da ake ƙonawa a gida shi ma ba abin dogaro ba ne a ƙasa mai zafi. Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari. A wurinka wannan na nufin ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun ajiya na waje da ake jonawa ta USB, ɗaya kuma ka ba wani alhaji mai komawa gida ya kai wa ɗan'uwanka a Kano, ko ka ɗora a intanet. Awa ɗaya ta MP4 mai kyau tana cin gigabait biyu zuwa huɗu, don haka rumbu mai terabait ɗaya ya ɗauke kaset ɗin gida har da saura. Idan filashi ya ƙi karɓar fayil da ya wuce gigabait huɗu alhali akwai wuri, tsarinsa ne FAT32, sai a kwashe abin da ke ciki a mayar da shi exFAT. Duk bayan 'yan shekaru a sayi sabon rumbu a sake kwafewa.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse bidiyo, hoton kaset kuwa dama ba shi da ƙarfin da zai jure matsi. Ka tura shi a matsayin takarda maimakon bidiyo, ko ka ɗora a Google Drive, mai ba da gigabait 15 kyauta, ka aika musu da adireshin. Ga masu ƙarancin data, manhajar HandBrake, ita ma kyauta, za ta yi maka ƙaramin kwafi, babban kuma ya zauna a wurinka.

Ka kuma ba kowane fayil suna da ya ƙunshi shekara da gari da abin da aka taru a kai, ka rubuta shekarar Miladiyya tare da ta Hijira tunda a nan da ita aka rubuta yawancin takardun kaset. Ka zaunar da dattawan gida a gaban allon da takarda a hannunka, su faɗi sunan kowa da yadda kuke da shi, ka ajiye rubutun tare da fayil ɗin, domin jikokinka ba za su gane tsohuwar da ke riƙe da jariri a ranar suna ba sai an gaya musu.

Kaset ɗin kuwa kada ka zubar. Sau da yawa sai daga baya ake gano cewa sauti ya yanke a tsakiyar wani fayil, ko an tsayar da kwafa da wuri alhali akwai wani ɗauka a ƙarshen zaren, ko kuma a samu na'urar da ta fi ta farko. Ka mayar da kowanne farko, ka sa shi a gidansa, ka jera su a tsaye ba a kwance ba, a cikin ɗakin da ake kunna na'urar sanyaya ɗaki, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Iskar Ɗa'if ta fi ta Jidda sanyi da bushewa, don haka in kana da 'yan'uwa a can Jidda da ba su da wurin ajiya, ka karɓi nasu su zauna tare da naka.